Kafin ka tafi taron buɗaɗɗiyar manhaja, ka ɗauki littafin shagonka

Tarukan da ake shiryawa kan buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da masu ita suka saki asalin rubutunta don kowa ya duba, ya gyara, ya yi aiki da ita ba sai ya sayi lasisi ba, kusan kamanninsu ɗaya. Ga babban zaure da majigi, ga rumfunan kamfanoni a bakin ƙofa, kowace da matashi riƙe da kwamfuta yana nuna yadda ake yanka rasit kafin ka ƙifta ido. Mai shagon kayan masarufi a Sabon Gari, ko mai makarantar kuɗi a Samaru, ko mai kemis a Tudun Wada, in ya je ya dawo, kalma ɗaya za ka ji a bakinsa: kyauta ce. Wannan kalmar ta kashe ayyuka masu kyau da yawa tun ba su kai wata shida ba, domin wanda ya ji kyauta ba ya ware kuɗin kulawa.

Ina goyon bayan 'yan kasuwar Zariya su koma ga irin wannan manhaja, kuma ina goyon bayan su riƙa zuwa tarukanta. Dalilin farko shi ne dala. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ɗauka kamfani yana da ma'aikata goma, kowane ana biya masa lasisin dala 20 a wata. Dala 200 ɗin nan da take naira 92,000 ta koma 300,000, alhali ko kwastoma ɗaya bai ƙaru ba. Dalili na biyu yana zaune a kan teburan ofisoshinmu. Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke hannun jama'a ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin su za su ɗauki Ubuntu ko Linux Mint, nau'o'in Linux, buɗaɗɗen madadin Windows, su yi shekaru suna aiki lafiya.

Batun ko manhajar ta isa a dogara da ita, an wuce nan. IBM ta sayi Red Hat, kamfanin da ke sana'ar buɗaɗɗiyar manhaja, a 2019 kan dala biliyan 34. A gida ma, DHIS2 da ake tattara alƙaluman lafiya na ƙasa da ita buɗaɗɗiya ce, daga Jami'ar Oslo ta fito. Duk mai jawabin da ya ci minti talatin yana tabbatar maka da wannan, ya ci lokacinka ne.

Abin da ya kamata ka shiga zauren da shi shi ne littafin shagonka. Ka cire layi ɗari biyu daga jerin kayanka da layi hamsin daga littafin bashi, ka goge sunayen mutane da lambobinsu na gaskiya, ka sa a filashi. In ka isa rumfa, kada ka tsaya kallon kamfanin misali da suka shirya tun daga gida, wanda komai nasa tsaf yake. Ka ce su shigar da naka a gabanka. Gani ya kori ji.

Abu na farko da zai bayyana shi ne awo. Mai sayar da hatsi ko taki yana sayen buhu, yana sayar da tiya ko mudu. Mai kayan masarufi yana sayen katan, yana sayar da dozin ko ɗai-ɗai. Manhajar lissafi da kula da kaya irin ERPNext ko Odoo ta san juya awo daga wannan zuwa wancan, amma sai an gaya mata tiya nawa ne a buhu, kuma sai an gaya mata abin da za ta yi idan buhun ya zo da giɓi. In ba a saita wannan tun farko ba, bayan mako biyu allo zai nuna akwai kaya a sito alhali sito wayam, ko ya nuna adadi ƙasa da sifili. Daga nan ma'aikata za su daina yarda da kwamfutar su koma biro da takarda, kuma da wuya su dawo. Mai kemis ya nemi a nuna masa lambar rukunin magani da ranar lalacewarsa, da yadda manhajar ke tura wanda ya kusa lalacewa ya fara fita. Kowa kuma ya ce a buga masa rasit mai harajin kashi 7.5 a irin ƙaramar firintar da ke shagonsa, domin wasu firintocin masu araha 'yar manhajar da ke haɗa su da kwamfuta ta Windows ce kawai.

Sai ƙananan abubuwan da ke ɓata bayanai a hanya. Lambar waya mai farawa da sifili, idan aka buɗe fayil ɗin CSV, wato jerin bayanan da ake kwasa daga wata manhaja zuwa wata, ba tare da an ce wa manhajar ta ɗauke ta a matsayin rubutu ba, sifilin zai faɗi. Kwanan wata 03/04 da kake nufin uku ga Afrilu zai koma huɗu ga Maris idan manhajar tana kan tsarin Amurka, lissafin bashi kuwa ya rikice ke nan. Sunayen da ke da ƙ da ɗ da ɓ za su fito da alamar tambaya idan ba a adana fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 ba. Uwa uba, a yawancin littattafan bashi mutum ɗaya yana wuri uku: nan an sa masa Alhaji, can an taƙaita, can kuma inkiyarsa aka rubuta. Babu manhajar da za ta san mutum ɗaya ne. Wannan aikin na akanta ne da yaron shagon da ya san fuskokin mutane, kuma sau da yawa ya fi girka manhajar kanta cin lokaci.

Tambaya ta gaba ita ce wadda masu rumfa ba su cika son ta ba: wane ɓangare ne buɗaɗɗe, wane ne na kuɗi? Odoo, ta ƙasar Beljiyam, iri biyu ce. Akwai ta al'umma da ake saukewa kyauta, akwai ta kamfani da ake biya bisa kan kowane ma'aikaci, kuma cikakken sashen lissafin kuɗi yana cikin ta biyun ne. Ba laifi ba ne, sana'arsu ke nan, amma idan da ta biyun aka yi maka nuni sannan aka girka maka ta farkon, cinikin biri a sama ka yi. ERPNext ta kamfanin Frappe na Indiya duka tana ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin GPL, su kuma suna cin abincinsu ne daga hayar sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai sauran su haɗu da ita, da tallafi. Ka kuma tambayi wa ke riƙe da manhajar, gidauniya ce mai mambobi da yawa ko kamfani guda. Kamfani guda yana iya sauya ra'ayi. Kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa Terraform a Agustan 2023, kamfanin Redis ya yi haka a Maris 2024. A ƙarshen 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wani nau'in Linux da mutane suka girka da tsammanin za ta kai 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Abin da ya ceci jama'a a duka ukun shi ne rubutun yana fili, sai wasu suka ɗauka suka ci gaba da sunan OpenTofu da Valkey da Rocky Linux. Amma ƙaura daga wannan zuwa wancan aiki ne, kuma wani ne zai biya mai yin sa.

Abin da ba za ka ji a babban zaure ba, musamman idan mai jawabin daga Turai ya zo, shi ne wuta. Sabar ɗin kamfani mai mutum goma ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 da faifan SSD ta isa, 4 shi ne ƙarshen ƙasa. Haɗarin yana lokacin da aka ɗauke wuta rumbun bayanai na tsakiyar rubutu. Rumbunan bayanai irin PostgreSQL da MariaDB suna da hanyar farfaɗo da kansu, amma faifai mai arha yakan ce ya gama rubutu alhali bai gama ba, kuma a nan ake samun fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa da safe. Maganinsa UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, mai igiyar USB da ke haɗe da sabar, da 'yar manhaja irin NUT da za ta kashe kwamfutar cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa. Batirin UPS ɗin ma a sa masa ido, zafin Maris da Afrilu yana rage masa kwana, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta, sai a riƙa hure ta. Wanda ya ce zai guje wa duk wannan ya yi hayar sabar a intanet, ya tuna hayar da yawa da dala ake biya, kuma ranar da sabis ya ɗauke, kashiya zai zauna kwastomomi na tsaye. Ya tambaya tun a rumfa ko allon sayarwa yana aiki babu intanet, ya ce a cire intanet ɗin a gwada.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin bayanai uku ake so, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin, domin gobarar kasuwa ba baƙuwa ba ce a Arewa. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana nan ba. Sau ɗaya a wata a ɗauki wata kwamfuta daban, a zuba mata kwafin jiya, akanta ya buɗe ya ga jimillar ta yi daidai.

Duk wannan yana komawa kan mutum ɗaya, wanda zai kula. A nan ne Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a, tana da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta Iya Abubakar, ga kwalejin Nuhu Bamalli, kowace shekara suna yaye matasan da suka iya Linux. Kuɗin da zai tafi waje a matsayin lasisi zai iya zama albashi a Samaru, kuma wannan ne babban abin da ya sa nake son harkar. Amma yadda ake yi yanzu akwai gyara. Ana kiran ɗalibi ɗan aji huɗu, ya girka komai da imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, a sallame shi da na goro. Shekara na zagayowa ya tafi bautar ƙasa, ya bar kamfanin da akwatin da ba mai mabuɗinsa. Ba laifin yaron ba ne. A rubuta yarjejeniya: adireshin intanet da asusun sabar su kasance da sunan kamfani, kalmomin sirri su kasance a ambulan a hannun mai gida, a rubuta matakan girkawa da na dawo da kwafi a takarda, a sa mutum na biyu ya bi takardar ya ga ko za ta kai shi, sannan a yanka kuɗin kulawa na wata-wata.

Kulawar kuwa ba ado ba ce. A Disambar 2021 aka gano ɓaraka a Log4j, wani ɗan ɓangare da ke cikin dubban manhajoji, gyaran ya fito cikin kwanaki, amma sai sabar da ke da mai sabunta ta ce ta amfana. Ubuntu mai dogon tallafi tana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, da shekara biyar na gyaran tsaro, don haka tun ranar girkawa an san ranar da za a yi ƙaura. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su. Makaranta ko asibitin da ke riƙe da bayanan yara da marasa lafiya ba za ta kare kanta da cewa manhajar kyauta ce ba.

Wa ya kamata ya je taron? Galibi mai gida ne ke zuwa da ɗansa mai son kwamfuta. Ni a ganina a tafi da akanta ko mai kula da sito, su ne za su zauna da abin kullum. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya yi shekaru a kai, a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows, kuma cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi ta ji har da na ma'aikata kan musayar takardu da sauran ofisoshi. Irin wannan ƙorafin a wurinmu yakan fara ne daga wasiƙar da aka buɗe a LibreOffice, buɗaɗɗen madadin Word da Excel, layukanta suka goce. Sau da yawa dalilin salon haruffa ne kawai: a girka Carlito a madadin Calibri, da Caladea a madadin Cambria, faɗinsu ɗaya, takardar ta koma daidai. Fayilolin Excel masu ɗauke da VBA, umarnin da ake rubutawa don fayil ya yi wasu ayyuka da kansa, kuwa sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya, wasu sai an sake rubuta su.

Taron OSCAFEST da ake yi a Legas da FOSDEM na Brasels suna da amfani, jawaban FOSDEM ma ana sa su a intanet kyauta. Sai dai mafi yawan masu zuwa marubuta manhaja ne, ba masu shago ba. Lokaci ya yi da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Zariya za su nemi malaman kwamfuta na jami'a su shirya nasu na yini guda, da Hausa, a ajiye kwamfutoci goma da firinta da UPS, kowa ya zo da filashinsa. Wanda ya gamsu, ya fara da reshe ɗaya ko sashe ɗaya, ya bar tsohon littafi da sabuwar manhaja su yi tafiya tare har wata ya cika. Ranar rufe lissafi a ƙirga kayan sito da hannu, a kwatanta da abin da ke allo. In sun yi daidai a ƙara reshe na biyu, in ba su yi ba a fara duba awon buhu da tiya.