Kafin ka bar lakwal saboda kilarinet

Assalamu alaikum matasan Damagaram. Kwanakin nan a fada ana ta tura wa juna bidiyon turawa masu busa kilarinet, wata irin doguwar sarewa, cikin orkestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa, an sha baƙar kwat ana ta tafi, har wasu ƙannenmu sun fara cewa su ma wannan za su yi su watsar da karatu. To ku tsaya ku ji tukuna.

Orkestra babba mai mutum 80 ko 100, masu kilarinet a ciki ba su wuce biyu zuwa huɗu ba, kuma wanda ya samu kujerar yakan riƙe ta ne har ya yi ritaya. In gurbi ya buɗe kwankur ake yi, a zo daga ƙasa ƙasa, a wurare da yawa ma bayan labule za ka busa, alƙalai ba su ganin fuskarka ba su san ko kai ɗan wane ne ba, ƴan mintoci kawai a ce an gode na gaba ya shigo. Kusan kullum sai an nemi a busa konsarton, wato dogon kiɗan kilarinet da shahararren mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta wa abokinsa Anton Stadler a 1791, kuma kowa a layin nan ya haddace shi tun yana yaro. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka gama makarantar kiɗa ta Paris ko ta Jamus koyarwa ce ke ci da su.

Sai kaya. Ɗan orkestra kilarinet biyu yake yawo da su, ta si bemol da ta la, kowace da irin muryarta. Baƙin itacen da ake yin ta da shi daga Tanzaniya da Mozambik yake fitowa, a kai Faransa kamfani irin Buffet Crampon ya sassaƙa, kuɗin guda ɗaya mai kyau ya fi na sabon babur nesa ba kusa ba, kuma hunturun garin nan wallahi tsaga shi yake in ba a kula ba, don haka mai koyo ya fara da ta roba. Ga ansh, ɗan siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakinta, sai ka jiƙa shi da miyau kafin ya yi magana, kwali guda goma ne amma ba duka ke daɗi ba, sati kaɗan ya mutu ka sake saye. Leɓen ƙasa ya yi ciwo, babban yatsan dama ya yi kanta, kana riƙe sauti ɗaya tal kana maimaitawa maƙwabta na tsaki.

Ni ban ce kar a yi ba fa. Wanda abin ke ransa da gaske ya fara da solfej, don wanda bai iya karanta kiɗa a takarda ba ko ƙofar orkestra ba zai gani ba. Akwai cibiyar kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai, akwai ƴan fanfar na soja, a tambaye su. Ranar hawan salla kuma ka matsa kusa da masu algaitar sarki ka kalli yadda suke jan iska ta hanci busa ba ta yanke ba, turawa sai sun girma suke wahalar koyon wannan.

Kuma ka zauna da iyayenka ku yi maganar tun yanzu, ka san a nan in ba gado ka yi ba cewa za a yi ka zama maroƙi. Ka samu bak ɗinka a hannu, busa kuma da yamma bayan an taso.