Tanar da ta cinye adashi

Duk mai zuwa fatsa gulbin Rima ya san samun tana ya fi kamun kifin wuya. Da damina ko ina ka kafta fartanya sai ka gan ta. Amma bari bazara ta kama Sakkwato, Afrilu ya shigo zafi ya haura digiri 40, ƙasa ta bushe ƙamas, sai tana ta nutse can ƙarƙashi. Sai ka gangara fadamar Kwalkwalawa inda masu lambu ke ban ruwa, ka yi ta tono kafin ka haɗa 'yar wadda za ta ishe ka. Wanda ya sha wannan wahala ba ya zubar da ragowa, gida yake kai ta ya adana.

Ni a bokitin laka nake adana tawa, bayan ƙofar kicin. Bokitin nan ya jawo tururuwa, ya jawo kaji, ran nan kuma autanmu ya kifar da shi a kan tabarmar da aka shanya kuka. Uwargida ta dube ni ta dubi lakar, ta ce, "Baban Abba, wanga bokiti ko ni, ɗaya za shi bar gidanga."

Wani abokina malamin makaranta ne ya fitar da ni. Ya ce ai tana ba ƙasa take nema ba, danshi da sanyi da duhu take so, domin ta fatar jikinta take numfashi, fatar na bushewa ta mutu. A yayyaga takarda siri-siri, a jiƙa da ruwan rijiya, a matse har ya daina ɗiga, a zuba a roba mai murfi da aka huhhuda da ƙusa. A barbaɗa dusa kaɗan, in ta yi yawa za ta yi tsami ta ɗau zafi ta dafa su. Gishiri da sabulu kada su kusanci wurin. Wadda ta mutu a tsince ta da wuri, don mushe ɗaya kan lalata sauran. Ya ce Turawa a firji suke sa tasu. Na ce Malam, firjin da a gidanmu ya zama ma'ajiyar kwanuka saboda rashin wuta? Kuma tanarmu ta ƙasar zafi ce, sanyin ƙanƙara ba nata ba ne. Muka tsaya a kan gindin randa, inda yashi ke jiƙe dare da rana.

Saura takarda. Jaridun da ke gidan ba su da yawa, kuma ba kowace takarda Musulmi zai jiƙa ya ba tsutsa ba. Shafi-shafi na riƙa dubawa, duk wanda na ga aya ko sunan Allah sai in ware shi gefe. Da na gama warewa abin da ya rage ko gindin robar bai rufe ba. Can na hango wani tsohon littafin rubutu a kan taga, bango ya cire, duk ya sha manja. Na buɗe, babu aya babu hadisi, sunaye ne kawai da lambobi da 'yan alamun maki. Na ce aikin lissafin Abba ne na bara. Na yayyage shi tas, na jiƙa, na matse.

Jama'a, dabarar nan tana aiki, ba zan ɓoye ba. Bayan 'yan kwanaki na buɗe robar na tarar da tana ta yi fes, ta yi ja, ta fitar da ƙasar cikinta, ta yi kauri. Ka ɗauko ta hannunka ba ya baƙi, ka soka ta a ƙugiya tana ta mutsu-mutsu, kuma motsin nan shi ke kiran tarwaɗa. Abin da Malam bai jaddada mini ba shi ne takardar ba shimfiɗa kawai ba ce, abinci ce. Ci suke yi.

Ranar Asabar na dawo daga gulbi da tarwaɗa manya da karfasa cike da buhu, ina tafe ina taƙama kamar wanda ya ci gasar Argungu. Na yi sallama na tarar da tsakar gida cike da mata, kowa da mayafinta, ba mai dariya. Uwargida ta juye ɗaki, katifa a waje.

"Baban Abba, ba ka ga littahin adashinmu ba? Bisa taga na aje shi."

Na ce wane iri ne. Ta ce mai manja a jiki.

Na yi gyaran murya. Na fara bayani daga numfashin tana ta fata, ina jin in na bi da su ta hanyar ilimi abin zai zo da sauƙi. Ban kai ga dusa ba ta katse ni.

"Mi kac ce? Tana tac ci shi?"

Aka ɗauko robar daga gindin randa aka buɗe a gaban shaidu. Mata ashirin ke zubi, dubu biyu-biyu duk mako, kuma wa ta zuba, wa ta ɗauka, wa ake bi, duk yana cikin littafin. Muka shiga tsintar guntaye muna jerawa a faranti. An samu rabin wani suna, an samu sifili uku da ba a san na wa ba ne. Nan take wata da kowa ya san ana bin ta mako biyu ta rantse ta biya, ta ce a tambayi tana.

Wata dattijuwa, ita ce babbarsu, ta yi shiru tana kallon buhuna. Can ta ce, "Ɗana, tanag ga da ta ci littahi, ina sauranta?"

Na ce, "Inna, kifi ya cinye."

"To, lissahinmu na cikin kihi ke nan. Ku juye buhun."

Aka kasa kifina kashi ashirin a gabana. Da na miƙa hannu zan ɗauki kan tarwaɗa ɗaya, uwargida ta ce in bari, ba na cikin 'yan zubi.