Wanda Kuke Wa "Allah Ya Ƙara" Aikinku Yake Yi

Na so in yi shiru, amma abin ya ƙi barin raina. Kun dai ga abin da wancan bawan Allah ya rubuta a ƙarƙashin sanarwar ɗan'uwanmu ɗan jarida na Sashen Hausa na Muryar Amurka da ya ce yana haɗa kayansa zai baro Washington: "Allah ya ƙara, ku dawo ku sha ranar da muke sha." Wasu kuma suka bi shi da dariya, har da masu cewa an kori karnukan farautar Turawa. Haba jama'a! Wannan rashin tausayi ne, kuma rashin sanin abin da ake magana a kansa ne. Mutumin da kuke wa dariya aikinku yake yi.

A watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya tsayar da Muryar Amurka, aka wayi gari an ce wa ma'aikata fiye da 1,000 su zauna a gida. Sashen Hausa da ke magana tun 1979 ya yi tsit. Da yawa daga cikin baƙin ma'aikatan bizarsu a ɗaure take da aikin. Ranar da aiki ya ƙare, kwana 30 gare ka ka bar ƙasar. Yaranka suna tsakiyar zangon karatu, ka riga ka sa hannu a yarjejeniyar hayar gida ta shekara, matarka ta ajiye nata aikin a gida ta biyo ka. Wannan ne abin dariyar?

Ni ma a waje nake wannan sana'a, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Shirin da kake ji da ƙarfe 6 na safe a Kano ko Maraɗi, kana shan iskar asuba, wanda ke karanta maka shi daga Washington ƙarfe 12 ko 1 na dare ne a wurinsa. Mu da ke Turai tun kafin assalatu muke tsaye a tashar mota cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Kana shiga ofis ka hau kiran waya. Ka kira mai gari a wani ƙauyen Zamfara da aka kai wa hari cikin dare, layi ya yanke, ka sake kira, ya sake yankewa. Ka samu wata uwa tana lissafa maka sunayen 'ya'yanta da aka tafi da su daji, muryarta na rawa. Ka sa abin sauraro a kunne kana maimaita kukan nan, domin ka yanko abin da zai shiga minti ɗaya da rabi. Sannan ka nemi kakakin 'yan sanda, ya ƙi ɗaga waya. Daga nan ka shiga ɗakin watsa shiri ka yi sallama da murya a daidaice, kamar babu abin da ya taɓa ka. Wa aka yi wa wannan aiki? Bature ba ya jin Hausa. Kai aka yi wa.

Sai ka ji ana cewa, ai kuna can, me kuka sani game da halin da muke ciki? Uwar wa ke can? Iyayenmu suna Katsina, suna Damagaram, suna Zangon Kumasi. Kuɗin asibiti ya tashi, wayarmu ce ke ƙara. An sace ɗan'uwa a hanya, da mu ake haɗa kuɗin fansa. Abin da kawai nisa ya hana mu shi ne abin da ya fi ciwo. A kira ka a ce Baba ya cika, kafin ka gama duba tikitin jirgi an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Ka karɓi gaisuwa ta WhatsApp, kai kaɗai a ɗaki, gobe kuma kana da shirin safe. Na ga abokin aiki da hakan ta faru da shi, ya fito daga bayan gida da jajayen idanu ya ɗauki takardar labarai ya karanta har ƙarshe.

Batun dala kuwa ba zan ɓata baki ba. Je ka tambayi nawa haraji ke ɗauka, nawa haya ke ci, sannan ka ƙirga bakunan da ke jiran ragowar a gida.

Masu cewa kuɗin Turawa ne, to, wa ya ɓoye? Majalisar dokokin Amurka ce ke ba Muryar Amurka kuɗi, harajin Jamusawa ke riƙe da DW, kuma babu ƙasar da ke buɗe gidan rediyo saboda Allah da Annabi. Amma rediyon jiharku wa ke biyan sa? Ranar da aka kashe mutane a ƙaramar hukumarku, ya buɗe labarai da gwamna yana raba babura, ina kuka murɗa? In rahoto ƙarya ne, ku kama shi, ku kawo hujja, za a gyara. A watan Disamba na 2024 gwamnatin Nijar ta dakatar da BBC wata 3 saboda labarin harin da aka kai wa sojoji. A 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan shirin da ta yi game da 'yan bindiga. Gida da waje, duk wanda ya taɓa wannan batu sai an nemi toshe masa baki. Kowace kafa aka rufe, talaka ne ya rasa wurin kai kuka. Gwamnati ba ta rasa komai ba.

Kuma wannan hanya ba jiya aka fara bin ta ba. BBC ta fara Hausa a 1957, kafin Najeriya da Nijar su samu 'yanci. DW da rediyon Sin suka biyo a 1963, RFI a 2007, TRT Afrika a 2023. Kakanninmu da waɗannan muryoyin suka san duniya, suna riƙe da akwatin rediyo suna laluben gajeren zango. 'Ya'yan Hausawa ne suka bar gida suka je suka yi aikin, ba wasu ba.

Af, akwai ma abin da ya fi damuna da ban ga kowa ya tayar ba. Ina faya-fayan shirye-shiryen Sashen Hausa na Muryar Amurka za su? Sashen ya fara aiki a shekarar da Shagari ya hau mulki, ke nan akwai hirarraki da 'yan siyasa da malamai da sarakuna na sama da shekara 40, mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ya kamata Gidan Arewa da ke Kaduna ko Jami'ar Bayero su rubuta su nemi kwafi tun ana iya samun wanda zai amsa wasiƙar. Idan akwai mai hanya da ɗayansu a cikinku, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo, zan haɗa shi da waɗanda suka san inda aka ajiye su.