Ciwon firgici yana bin jini, amma ba irin bin sikila ba

Mutum na zaune lafiya ƙalau, sai zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, ya sakankance mutuwa ce ta zo. Cikin kamar minti 10 abin ya kai maƙura, sannan ya lafa. Idan ya riƙa dawowa ba gaira ba dalili, har mutum ya yi wata guda yana fargabarsa, ya daina shiga kasuwar Sabon Gari, to ciwon firgici ke nan. Mata sun ninka maza wajen kamuwa.

Gado na da hannu. Nazarin da John Hettema da abokan aikinsa suka fitar a 2001 ya tattara binciken tagwaye da iyalai, ya kiyasta kason gado da kusan 43 cikin 100. Sai dai farautar ƙwayar halittar da ke jawo shi ta ba masana wuya. An zargi ƙwayar halitta mai suna COMT, an zargi wata mai suna TMEM132D, amma abin da aka gani a wata al'umma sau da yawa ba ya maimaituwa a wata. Ƙwayoyin suna da yawa, tasirin kowacce ɗan kaɗan ne, kuma yawancin jinin da aka auna na Turawa ne.

A ganina Zariya na da abin da masu binciken Turai ba su da shi: gida ɗaya, uba ɗaya, ɗakuna biyu ko uku. Shaƙiƙai sun yi tarayya a rabin ƙwayoyin gado, 'yan uba a rubu'i, alhali tukunya ɗaya suke ci. Kwatanta su zai taimaka a raba gado da tarbiyya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika za su iya wannan aiki. Sharaɗin shi ne a zana dangi har hawa uku, a gana da kowa shi kaɗai, domin matar aure ba za ta faɗi wannan gaban surukarta ba. A auna sukari da sinadarin maƙoshi (thyroid), a yi gwajin bugun zuciya na ECG, a tambayi yawan goro da kofi da tramadol. Matsalar sukari, maƙoshi ko zuciya da yawan shan waɗannan duk suna kwaikwayon firgici, kuma wanda aka lissafa bisa kuskure yana ɓata sakamakon gidan gaba ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne binciken aure. Sikila ƙwaya ɗaya ce, gwaji na nuna AS ko SS. Firgici ba shi da gwajin jini, kuma yawancin 'ya'yan mai ciwon ba sa kamuwa, don haka fasa aure a kansa zalunci ne.

Amfanin sanin tarihin gida shi ne a kai yarinya asibiti da wuri, ko da ana yi mata ruƙiyya. Magani irin sertraline kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya kama, kuma likita kan fara da kaɗan domin a kwanakin farko yana iya ƙara fargaba. A nan ne da yawa ke watsar da shi su koma sayen diazepam a kemis, wanda ke kwantar da hankali nan take amma jiki ya saba da shi.