Martin St. Louis: wanda aka ce ya yi kaɗan

Jama'a, na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muke bi, amma yau ku yi mini haƙuri, a kan wasan hoki na kan ƙanƙara zan yi magana. Akwai wani mutum da na daɗe ina bin labarinsa, kuma duk lokacin da gardama ta tashi a kan ko tsohon ɗan wasa zai iya zama koci nagari, shi ne yake fara zuwa mini a rai. Sunansa Martin St. Louis, haifaffen Laval a lardin Quebec na Kanada, a shekarar 1975.

A gasar NHL, wadda ita ce babbar gasar hoki a duniya, duk shekara ƙungiyoyi na zama su zaɓi matasan da suke ganin za su yi suna. Sukan zaɓi mutum sama da 200. Babu wadda ta ɗauki St. Louis, duk da irin ƙwazon da ya nuna a Jami'ar Vermont ta Amurka. Laifinsa ɗaya: tsawonsa ƙafa 5 ne da inci 8, a wasan da ake bangaje mutum a jikin katanga da dukan ƙarfi. Sai a 1998 Calgary Flames ta ba shi kwantiragi. Ya buga mata wasa 69, ya ci 4 kacal, domin ba a ba shi gurbin kai hari ba. A 2000 suka sallame shi, Tampa Bay Lightning ta ɗauke shi a araha.

Bayan shekara huɗu, a 2004, shi ne ya fi kowa maki a gasar (wato jimillar cin da ɗan wasa ya yi da kansa da wanda ya taimaka aka ci), da maki 94, aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa, kuma Tampa Bay ta ci kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar NHL. Da wa suka kara a wasan ƙarshe? Da Calgary ɗin da ta sallame shi. Karawar ƙarshe jerin wasanni ce har bakwai, wadda ta fara cin huɗu ita ke ɗaukar kofi. A wasa na shida, Calgary na gida, nasara ɗaya take nema ta ɗaga kofi, sai ga shi a ƙarin lokaci na biyu ya jefa wadda ta raba gardama. Har yau idan na sake kallon wannan cin sai tsigar jikina ta tashi.

A 2013 ya sake fin kowa maki yana ɗan shekara 37. A 2014, bayan ya koma New York Rangers, mahaifiyarsa ta rasu ana tsakiyar wasannin neman kofi da Pittsburgh. Ya je gida, ya dawo ya buga, kuma ƙungiyar da aka ci sau uku cikin wasa huɗu ta farfaɗo har ta kai wasan ƙarshe. Ya ajiye sanda a 2015 da maki 1,033.

To, ga inda maganata take. Bayan ya yi ritaya bai bi hanyar da aka saba ba, wato a fara daga ƙaramar gasa, a zama mataimaki, a jira lokaci. Ya koma Connecticut yana horar da ƙungiyoyin yara inda 'ya'yansa ke wasa. In ban da ɗan aikin ba da shawara da ya yi wa ƙungiyar Columbus a 2019, shi ke nan abin da yake da shi. Sai ga Montreal Canadiens, ƙungiyar da ta ci kofin Stanley sau 24, ta kira shi a watan Fabrairun 2022 ya zama kocin riƙon ƙwarya. A lokacin wasa 8 kaɗai suka ci cikin 45. Montreal kuwa gari ne da ake tuhumar koci da Faransanci da Ingilishi kowace safiya.

Mutane da yawa sun ce suna ne kawai ya kai shi. Ba zan ƙaryata su gaba ɗaya ba. Akwai masu horarwa da suka shafe shekara goma sha suna hawa bas daga gari zuwa gari a ƙananan gasanni, kuma ina jin zafin da suka ji. Sunansa ne ya buɗe masa ƙofa, wannan gaskiya ne. Suna kuma ba ya horar da kowa: Wayne Gretzky, wanda babu kamarsa a tarihin wasan, ya riƙe Phoenix Coyotes daga 2005 zuwa 2009, ko sau ɗaya bai kai su wasannin neman kofi ba.

A ganina bambancin yana nan: Gretzky tun yana yaro idonsa ke ganin abin da wasu ba sa gani, kuma baiwar da Allah ya ba ka da wuya ka iya ɗora wani a kai. St. Louis kuwa sai da ya zauna ya yi nazarin wasan saboda jikinsa ba zai cece shi ba. Ya san zaman benci. Ya san yadda ake ji idan koci ya kalle ka ya yanke hukunci kafin ka taɓa ƙanƙara. Wanda ya sha wannan, idan ya ga yaron da gwiwarsa ta yi sanyi, ya san ta inda zai shiga.

Ku dubi Cole Caufield, matashin ɗan wasan Montreal. Shi ma gajere ne. Kafin zuwan sabon kocin, a wasa 30 na wannan kakar sau 1 tak ya ci, har an taɓa tura shi ƙaramar ƙungiya. Daga zuwan St. Louis zuwa ƙarshen kakar ya ci 22 a wasa 37. Yaron bai ƙara tsawo ba, sanda ɗaya yake riƙewa. Abin da ya canza shi ne an daina ɗaure shi da tsarin da ke cewa tsaya nan, kada ka wuce can. St. Louis ya sha nanata cewa ya fi son ɗan wasa ya karanta abin da ke faruwa a gabansa ya yanke shawara, ko da zai yi kuskure. Wannan ra'ayin nasa ne ya fi burge ni, domin kocin da ke tsoron kuskuren yaransa kujerarsa yake karewa.

Ba a ga sakamako nan take ba. Kaka uku a jere Montreal na ƙarewa a ƙasan rukuninta, kuma akwai lokutan da ni kaina na ga kamar tsaron bayansu ba shi da mai shi. Shugabannin ƙungiyar sun yi haƙuri da shi, abin da ba kowa ake yi wa ba a wannan sana'a. A 2025 suka kai wasannin neman kofi da tawagar matasa, Washington ta fitar da su a wasa biyar, shi kuma ya shiga cikin mutum uku da aka ware don kyautar kocin shekara. Bai samu ba, Spencer Carbery na Washington aka ba. Da ni ke jefa ƙuri'a, St. Louis zan ba, saboda na tuna a wane hali ya karɓi ƙungiyar nan a watan Fabrairun 2022.