Jauro da Lambar IP

Bafulatani: Kai Babarbare, wayar nan aljanu ka zuba mata? Ina cikin magana da ɗana na Legas, ina fita daga shagonka sai ɗif, magana ta yanke.

Babarbare: Aljanin kai ne, Jauro. A shago kana kan wayfai ɗina, da ka fita ka koma kan data. Lambar IP ɗinka, wato lambar da intanet ke gane wayarka da ita, ta canza, sai intanet ta ɗauka wani mutum ne daban.

Bafulatani: Aradu ni ne! Ko hula ban sake ba.

Babarbare: Ai nan gizo ke saƙar. Tun 1981 aka rubuta a ƙa'idar IP cewa suna shi ne abin da ake nema, adireshi inda yake, hanya kuma yadda za a kai gare shi. Amma lamba ɗaya aka ɗora wa aiki biyu, ta faɗi ko wane ne kai, ta faɗi inda kake.

Bafulatani: Wanda ya yi wannan bai taɓa kiwo ba. Da damina ina Katsina, da rani ina bakin Binuwai. Jauro ne can, Jauro ne nan. Ruga ce ke tashi.

Babarbare: Yau dai bawana ya yi magana! Abin da injiniyoyi suka gano ke nan. A 2013 suka fito da tsarin LISP: lamba ɗaya EID, taka ce duk inda ka je, ɗaya RLOC, ta masaukinka. Sai a ajiye rajista mai haɗa su, duk mai nemanka ya tambaye ta.

Bafulatani: Ashe arɗo suka naɗa.

Babarbare: Kusan haka. Manyan na'urorin da ke raba hanya a intanet ma su huta, don hanyoyin da suke riƙewa sun kai wajen miliyan.

Bafulatani: Tsaya. Kowa ya tambayi arɗon nan sai ya faɗa masa inda na sauka?

Babarbare: Aikinsa ke nan.

Bafulatani: Har mai karɓar jangali?

Babarbare: Har ni, da nake binka dubu uku na gilashin waya.

Bafulatani: A'a, bar mini tsohon tsarin. Jauron wayfai ne ya ci bashinka. Ni na data ne, yanzu na iso garin.