Har yaushe za mu riƙa jan ƙarfe a ɗakin tiyata?

Wallahi abin ya ishe mu. Mu likitoci masu neman ƙwarewa, an ɗauke mu ne don mu koyi aikin tiyata, amma daga safiya har dare aikinmu cike takardu, bin sakamakon gwaji, neman gado da farautar jinin da za a ƙara wa majinyaci. Ranar da ka samu shiga ɗakin tiyata, sai a miƙo maka ƙarfen buɗe ciki a ce ja. Ka tsaya kafaɗa na zogi, kan babban likita ya tare maka komai. Ba ka ga jijiyar da aka ɗaure ba, ba ka ga ta inda aka bi aka kai ga hanji ba. In ka yi tambaya a harare ka. In hannu ya gaji ƙarfen ya ɗan sassauta, a lokacin ne za a tuna kana wurin, a daka maka tsawa a gaban ma'aikatan jinya.

Abin da muke roƙo fa ba mai yawa ba ne. A nuna mana inda ake kama allura, yadda take shiga fata a tsaye, yadda wuyan hannu ke juyawa ya bi lanƙwasarta maimakon a tura ta da ƙarfi a yaga nama. A nuna mana ƙulli. Akwai ƙulli biyu da suke kama da juna a ido, ɗaya yana zama daram, ɗayan yana zamewa, kuma in ya zame a kan jijiyar jini, sai an sake buɗe majinyaci cikin dare. A gaya mana dalilin da ya sa ake ɗaukar zaren Vicryl mai narkewa a nan, zaren Prolene marar narkewa a can, da abin da ya hana a kama hanji da hantsaki mai haƙori. Ko yaron tela a kan ƙyalle yake fara ɗinki kafin a ba shi yadin mutane. Mu kuwa a jikin ɗan Adam ake so mu fara.

Manyanmu suna yawan cewa su ma haka suka koya: ka gani sau ɗaya, ka yi sau ɗaya, ka koyar. Tsarin horon da likitan tiyata William Halsted ya kafa a asibitin Johns Hopkins na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 suke nufi. Ranku ya daɗe, a wancan zamanin a cikin asibiti ɗalibai suke kwana su tashi na tsawon shekaru. Yanzu Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu koyo aikin awa 80 a mako tun 2003, ƙasashen Tarayyar Turai kuwa awa 48. Lokaci ya ragu, takardu sun ƙaru, tiyatar kyamara ta shigo da nata salon hannu na daban. Ta yaya za a ce kallo kaɗai ya wadatar?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rufe ciki. Da an gama babban aikin, sai oga ya cire safar hannu ya ce a rufe, ya fita. Kamar rufe ciki wasa ne! Ƙa'ida ita ce zaren ya kai ninki huɗu na tsawon yankan. Wani bincike da aka yi a Holan aka buga a mujallar Lancet a 2015 ya nuna cewa ƙananan ɗinki masu tazarar milimita 5 sun rage fitowar ƙaba a wurin aikin daga kashi 21 zuwa kashi 13 cikin ɗari bayan shekara guda. A littafi muka tsinci wannan, babu wanda ya tsaya a kanmu ya ga ko hannunmu yana yin abin da littafin ya faɗa. In ɗinki ya ɓalle, majinyaci ne zai sha wahala, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sannan dare ya yi. Wanda da rana ba a yarda ya riƙe wuƙa ba, shi ne za a bari da mai ciwon afendis da ƙarfe biyun dare, ana ta kiran wayar oga ba a ɗauka. Gari na wayewa a tsayar da shi a taron safe ana tambayarsa wa ya koya masa haka. Tambayar da mu ma muke yi ke nan: wa ya koya masa?

Littafin rajistar ayyukanmu cike yake da "ya taimaka", "ya taimaka", alhali kafin a ba mu damar zama jarrabawa sai mun nuna ayyukan da muka yi da hannunmu. A ware mana ɗaki da fatar roba, da zaren da wa'adinsa ya wuce wanda zubarwa ake yi, da akwatin koyon tiyatar kyamara. A sa rana guda a mako da ba za a kira mu cike takarda ba. In aikin ƙaba ko afendis ya zo da rana, oga ya koma ɗaya ɓangaren tebur, ya karɓi ƙarfen ya ja, ya miƙo mana wuƙar, ya tsaya har a sa ɗinkin ƙarshe.